Haƙorin da Ya Yi Shiru

Da haƙorin sama ya kumbura wa Hayatu kunci, ya bar shanunsa a Zugu ya tafi Bukkuyum, ya ce wa malamin asibiti ya ba shi kafso.

"Malam Hayatu, kafso ba ya kaiwa inda mugunyar take," in ji malamin. "Sai an hidda haƙorin, ta samu hanya."

Hayatu ya miƙe abinsa. Tun yana yaro Inna ta gaya masa duk wanda aka cire wa haƙorin sama, idonsa yana bin haƙorin. Ya ratsa kasuwa ya sayi kafso ja-da-rawaya. Wasu ya haɗiye, wasu ya ɓare ya zuba garin a kogon haƙorin.

Haƙorin kuwa ya yi tsit.

Sai dai in ya yi sujada, yakan ji wani abu yana bugawa ƙarƙashin idonsa, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa daga ciki. Kullum bugun ƙara hawa yake.

Wata safiya ya sunkuya zai sha ruwa a ƙwarya, sai ya ga baƙuwar fuska mai ido ɗaya tana kallonsa. Ya kai harshe ya laluba. Haƙorin yana nan daram.