Yuriya a Kwalaben Keturah

Kwalabe goma sha biyun nan sun yi kore shar, kuma abin da ya tayar wa Keturah da hankali ke nan.

Tun da yajin aiki ya rufe ɗakin bincikensu, ta kwaso gansakukar da ta ɗebo daga fadamar Namtari, ta zuba a kwalabe, ta jera a barandar gidansu a Damilu. Da gangan take hana ta taki. Sai yunwa ta kama gansakukar sannan take kunna wasu ƙwayoyin gado, ƙwaya ɗaya cikin goma ta bar haɗa abinci da hasken rana, ta koma zuƙo naitrojin daga iska. Ayyukan biyu ba sa zama ɗaki ɗaya, don oksijin da na farko ke fitarwa yana lalata na biyun. Wannan kunnawar za a auna. Yau motar ɗaukar samfuri za ta tashi, in ta wuce kuwa, digirinta sai baɗi.

Kwana uku kacal ta yi a Numan wajen biki!

"Baba, wa ya taɓa mini kwalabe?"

Baba Zadok, mahaifinta, ya fito yana murmushi, tsohon manomi da ƙullin takin yuriya a hannu. "Ni ne. Na ga sun yi ɗorawa-ɗorawa, sai na ɗan barbaɗa musu. Kin ga yadda suka farfaɗo?"

"Farfaɗo? Baba, ka kashe ni! Sun ƙoshi, sun kashe abin da nake nema!"

"Ke, sassauta murya. Taki ne fa, ba guba ba."

"Na ce kada a taɓa! Na rubuta, na manna a bango!"

"Da Turanci kika rubuta."

Keturah ta dubi takardar da ke manne a bango. Shekara biyu tana cikin gidan nan da wannan aiki, ba ta taɓa zama ta yi masa bayani ba. Haushinsa take ji, haushin kanta ya fi.

Tsohon ya juya ƙullin a hannu. "Shekara arba'in ina noma, ban taɓa ganin shuka da yunwa na wuce ta ba."

Direban motar samfuri ya danna hon a ƙofar gida. Keturah ba ta motsa ba.

Baba Zadok ya sunkuya ya ɗauki kwalba ɗaya da hannu bibbiyu, a hankali. Ya ce, "Bari in kai miki mota. Wannan ta fi kyau."