Sabulun Kitse

Bas ɗin bai gama fita daga Bunguɗu ba Saude ta fara jin warin. Da farko ta ɗora laifin a kan cikinta, domin tun da ya shiga wata na biyar ko ƙamshin miya tayar mata da zuciya yake yi. Ta ja gyale ta toshe hanci. Sai da rana ta bugo ta taga ta sauka a kafaɗar mijinta Mannir, wanda ke zaune a gabanta cikin farar babbar riga, sannan ta gane warin. Na sabulunta ne.

Tun da albashin ƙaramar hukuma ya fara makara Mannir ya daina sayen omo. Yayarta Rabi'a da ke aure a Tsafe ce ta koya mata haɗa sabulun wanki: a jiƙa soda ta kwana, a zuba mai, a yi ta juyawa da muciya har ya yi kauri. Ita Rabi'a da man ƙwara take yi. Saude ba ta da halinsa, don haka ta karɓi kitsen da ya yi kwantai a wurin Jatau mahauci. Kitsen ya zo a leda, ya yi kore yana yauƙi. Da ta ɗora a wuta tsutsotsi suka taso saman tukunya kamar an watsa shinkafa. Ta tace da tsohon ɗankwali, ta zaga bayan ɗaki ta yi amai, ta dawo ta ci gaba da juyi. Sabulun ya daskare, ya yi fari, har kumfa yana yi, warin kuma ya kwanta.

Jiya Mannir ya miƙo mata rigar. Sabuwar jiha na ɗaukar ma'aikata, an kira shi ganawa a wata ma'aikata a Gusau, kuma idan ya samu sun rabu da jiran albashi. Ta ce masa babu omo, ya ce ta wanke da abin da ta dafa, ai don haka aka yi shi. Ita kuma awo ne ya fito da ita, suka shiga mota ɗaya.

Yanzu zufa ta jiƙa rigar, ruɓaɓɓen kitsen ya farfaɗo. Wani fasinja ya ja tsaki, wani ya leƙa taga ya tofar da yawu. Ƙudaje biyu suka sauka a kan aikin wuyan rigar. Mannir ya yamutsa fuska yana waige-waige, har idonsa ya faɗa kan wata tsohuwa da ke gefensa, ta rungume ƙwaryar daddawa a cinya za ta kai kasuwa.

"Direba, mutane ka ɗauko ko mushe?" in ji shi. "Dubi abin da aka zaunar kusa da ni."

Tsohuwar ta ɗaga faifan da ta rufe ƙwaryar, ta miƙa masa ya shinshina. "Ɗana, wallahi ba daddawata ba ce. Shekaranjiya na yi ta a Furfuri, ka ji da kanka."

Ya ture hannunta. Ya ce shi ma'aikacin gwamnati ne, manya zai gani, ba zai shiga ofis da warin ƙauye a jikinsa ba. Ya ce irinsu ne suke sa a raina jihar tun ba ta yi ƙwari ba. Fasinjoji suka ga fararen kaya da jakar takardu, suka mara masa baya. Direba ya gangara gefen titi, ya ce tsohuwar ta sauka.

Saude ta buɗe baki, yawu ya cika shi. Ta tuna motar cike take da maza, kuma idan ta tona shi a gabansu ba zai yafe ba. Ta haɗiye yawun. A ranta ta ce idan sun sauka za ta ja shi gefe ta faɗa masa. Gidan ƙanensa Munzali yana kusa da tashar Gusau, zai ara masa wata rigar kafin lokaci.

Tsohuwar na ƙoƙarin sauka, ƙwaryar ta maƙale a tsakanin kujeru. Mannir ya sa takalmi ya tunkuɗa ta. Ƙwaryar ta kife a bakin titi, daddawar ta watse cikin ƙasa. Aka yi dariya a baya. Ta taga Saude ta ga tsohuwar ta durƙusa a cikin rana tana tsinta ɗaya bayan ɗaya, tana hurewa, tana gogewa da bakin zanenta. Mannir ya ciro hankici ya goge takalminsa.

Mota ta ci gaba, warin bai ragu ba. Ƙaruwa ma ya yi. Surutu ya mutu a hankali. Mutumin da ke kusa da Mannir ya matsa har ya manne da ƙofa, ya kafa hanci a taga. Mannir ya ce ga shi nan ta tafi ta bar musu tsiyarta a mota. Fasinjojin suka kawar da kai.

Saude ta zuba wa ƙeyarsa ido, inda zufa ke gangarowa daga ƙarƙashin hula. Zuciyarta na tashi, amma ba irin tashin ranar da ta tace kitsen ba. Wancan da ta yi amai ya wuce.

A tashar Gusau Mannir ya gyara zaman hularsa, ya kaɗe hannayen rigar ya ɗora su a kafaɗa. Ƙudaje sun yi layi a gadon bayansa, inda ba ya gani. Daga inda suke tsaye Saude tana hango kwanar gidan Munzali.

Ya juyo gare ta yana murmushi. "Yaya kika gan ni? Ba wata matsala ko?"

Ta dube shi daga hula har takalmi.

"Ka fito fes, Malam," in ji ta. "Yi sauri kada su jira ka."

Ya tare ɗan acaɓa ya hau. Ta tsaya har farar rigar ta ɓace cikin motoci, sannan ta sauke gyalen daga hancinta, ta kama hanyar asibiti a ƙafa.