Jar Hular Tsigi

Tun a mota muka fara rigima a kan hular.

"Maman Tsigi, don Allah ki cire mata wannan abin," in ji mijina. "Duk hoton da na ɗauka sai na ga wani jan ɗigo kamar an ɗiga jini a nono. Sai na kwana ina gogewa a kwamfuta."

Na ce, "Ka yi ta gogewa. Ni so nake in hango 'yata ko daga ina."

Mijina mai ɗaukar hoto ne, amma ba na mutane ba. Duwatsu, kwari da gajimare su ne abokan hirarsa. Wannan ce tafiya ta farko da na yarda muka bi shi, ni da 'yarmu mai shekara uku da muke kira Tsigi saboda ƙanƙantarta. Kwana biyu muka yi a hanya. Na cika bayan mota da jarkokin ruwa, bargo uku, maganin zazzaɓi da na sauro, har yana tsokanata wai ƙaura zan yi.

Da la'asar muka isa saman wani tsauni. Fili ne shimfiɗaɗɗe, ciyawa iya gwiwa da manyan duwatsu nan da can. Ta yamma ƙasa ta yanke kamar an sa wuƙa, kwari ne mai zurfin da bishiyoyin ƙasansa suka zama kamar gashin kai. Na leƙa sau ɗaya, na ja da baya. Na sa ya kafa tanti can nesa, bayan mota, sai da na ƙirga taku ɗari da ashirin daga bakin ramin.

Shi kuma ya ɗora kyamararsa a kan sandarta mai ƙafa uku, ya saita ta tana ɗaukar hoto da kanta duk bayan daƙiƙa goma. Wai idan ya haɗa su za a ga gajimare yana gudu, rana tana faɗuwa.

"Ko sauro ne ya sauka a kai, kar a kore shi," ya ce. "Kada wanda ya taɓa min ita."

Na kunna risho na ɗora ruwan zafi. Tsigi tana gefena tana tara tsakuwa a kofin roba. Iska ta kashe wutar, na juya baya na tare ta da jikina, ashana uku ta ci kafin ta kama. Ina jin takun yarinyar ta nufi wajen babanta, ban damu ba. Shi kuwa ya dawo mota neman batir, yana zaton tana wajena.

Sai da ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Ina mutuniyar?"

"Ba tana wajenka ba?"

Muka kalli juna. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

Na leƙa tanti, na leƙa ƙarƙashin mota, na ɗaga barguna. Ya ruga yana ƙwala kira, "Tsigi! Tsigi!" Iska tana kwashe muryar tana watsarwa. Ciyawar nan da na raina, ashe ta isa ta ɓoye yarinya idan ta durƙusa. Duwatsu kuwa sun fi talatin, kowanne da bayansa. Rana ta kusa taɓa bakin tsaunin da ke can ƙetare, na san ba mu da rabin awa na haske.

Na tsaya cak. Na ce wa kaina, idan kika yi gudu ba ki san inda za ki ba, kin ɓata lokaci. A nan na ji ƙarar, ƙyat. Can kuma, ƙyat. Kyamarar tana ta aikinta, idonta a buɗe tun ɗazu.

Na je na cafke ta, har sandar ta goce. Na danna maɓallin da ya taɓa nuna min na duba hotuna, na fara komawa baya. Ciyawa, dutse, sama. Ciyawa, dutse, sama. Na wuce ashirin, na wuce arba'in.

Sai ga shi. Jan ɗigo, a ƙasan hoton ta hagu.

"Baban Tsigi! Zo!"

Ya iso yana haki. Muka haɗa kai a kan ɗan gilashin, ina danna gaba ɗaya bayan ɗaya. Ɗigon ya matsa. Ya sake matsawa. Ya tsaya hoto uku, tana tsintar tsakuwa ke nan. Sannan ya miƙe sak, ya nufi bakin ramin. A hoto na gaba yana tsakanin wasu duwatsu biyu, ɗaya dogo ɗaya mai faɗi. A na bayansa babu shi.

"Innalillahi," ya ce.

Na ɗaga kai na nemo duwatsun da idona. Ga su can, nesa da inda yake ta nema. Muka kwasa. Ban san lokacin da takalmina ɗaya ya fita ba.

Tsakanin duwatsun akwai 'yar hanya da ta gangara, da ƙyar babba zai wuce a karkace. Na shiga gaba. Da na zagaya sai na gan ta. Tana tsaye a kan wani falalen dutse da bai fi tabarma biyu ba, bayanta gare mu, tana ciro tsakuwa daga kofi tana jefawa ƙasa, tana leƙawa ta ga inda ta faɗa. Tsakaninta da bakin bai kai taku biyu nata ba.

Mijina ya ja numfashi zai kira ta. Na toshe masa baki da tafin hannuna, da ƙarfin da sai da haƙorinsa ya yanke ni.

Shi ya koya mata wasan. Kullum a gida sai ya ce "Zan kama ki!" ta kwasa da gudu tana dariya, ba ta duban gabanta. In ta ji muryarsa yanzu, ko ta ga an nufo ta, gudu za ta yi. Kuma wuri ɗaya ne ya rage na gudu.

Na zame na zauna a ƙasa. Na kama ƙafata marar takalmi, wadda ƙaya ta riga ta farfasa. Na sa muryata ta yi laushi, ban kira sunanta ba.

"Wayyo ƙafata. Wash. Wa zai hura min?"

Ba ta juyo ba. Ta jefa wata tsakuwa.

"Wayyo ni. Na ji ciwo, ba mai hura min."

Ta waigo. Iska ta kaɗa rigarta, ta ɗan yi tangaɗi. Ta dube ni, ta dubi kofin.

"Mama, kin faɗi?"

"Na faɗi, 'yar albarka. Kin ga jini."

Ta ajiye kofin a hankali don kada tsakuwarta ta zube. Ta tako. Ɗaya, biyu, uku. Na danne hannuwana a kan ƙafata don kada su miƙa da kansu. Sai da ta durƙusa ta turo baki tana "fuu, fuu," sannan na damƙe damtsenta. Ta tsala ihu wai na matse ta. Ban sassauta ba. A bayana na ji mijina ya zube, yana wani irin kuka da ban san yana da shi ba.

Shi ya ɗauko ta, ni ina riƙe da ƙafarta har mota. Na yanko igiyar tanti na ɗaura a ƙugunta, ɗaya bakin a wuyan hannuna. Ya naɗe tantin ba tare da na ce komai ba. Kyamarar tana can a karkace tana ɗaukar ciyawa, rana ta faɗi ba ta samu ba. Ya jefa ta kujerar baya kamar tsohon takalmi.

Muna gangarowa daga tsaunin Tsigi ta ce zafi take ji, ta cire hular ta yar a ƙasan mota. Ya taka birki. Ya juyo ya lalubo ta, ya kakkaɓe, ya mayar mata a kai, ya ja igiyar hular ya ɗaure a haɓarta.

"Ki bar ta," ya ce mata. "Ta yi miki kyau."