Cokalin Da Ya Shiga Miyar Kaltumi

Ana tsaka da cin tuwo a zauren Malam Madu, baƙon ya tsayar da loma a hannu, ya ƙura wa kwanon miya ido kamar ya ga kunama. Bature ne da ya zo neman auren Khairat, 'yar Madu da ke aikin jinya a Birtaniya. Ya daɗe da musulunta, sunansa yanzu Najib.

A cikin miyar kukar, wani cokalin katako ne a tsaye, an sassaƙa wa mariƙinsa sarƙa da 'yar zuciya. Kaltumi, uwar yarinyar, ta tsince shi cikin tsarabar baƙon, ta ga cokali, ta ba shi aikin cokali.

Madu yana son auren nan, don ya ji yadda muryar 'yarsa ke sauyawa in ta ambaci mutumin. Amma uba ba ya ba da 'yarsa da bakinsa. Wuƙa da nama na hannun yayansa, Alhaji Iliyasu, wanda tun safe yake ta kumfar baki.

"Mu Barebari ne, kakanmu daga Borno ya zo Gezawa da allonsa. Ba ma ba wa marar asali 'ya. Turawan Ingila kuwa, kowa tasa ta fishshe shi."

Abdulkabir, ɗan Alhajin, malamin sakandare ne, shi ke tafinta. Ya saurari baƙon, ya juyo yana danne dariya.

"Baba, wai cokalin nan ba na miya ba ne. A ƙasarsu, mai neman aure shi ke sassaƙa cokali da hannunsa ya kai gidan budurwa. Haka kakansa ya yi. Shi ma tun bara yake fama da wannan."

"Ikon Allah! Turawan Ingila da sassaƙa?" in ji Alhaji.

Da aka fassara, Najib ya gyara zama, kunnuwansa suka yi ja wur. Ya yi magana a nutse, hannunsa a ƙirji.

"Ya ce a yi masa afuwa, shi ba mutumin Ingila ba ne. Ɗan Wales ne. Fasfo ɗaya suke riƙewa, amma tutarsu daban, mai hoton jan dodo. Ranar bikin ƙasarsu har ganyen wata irin albasa suke maƙalawa a riga."

Zauren ya kece da dariya, don duk manoman albasa ne.

Abdulkabir ya ci gaba: "Kuma suna da yarensu. A zamanin kakannin kakanninsa, har horo ake yi wa yara a makaranta in sun yi shi. Ba su bari ba. Da shi uwarsa ta yi masa reno."

Ba wanda ya roƙe shi, Najib ya rera baiti biyu na waƙar renon, da wani harshe mai kama da ana hura wuta. Dariya ta ɗauke.

Madu ya tuno kakarsu tana yi musu irin wannan da Barbarci, ya laluba ko kalma ɗaya bai samu ba. Abin ya yi masa ciwo, ya kuma ji alfahari da wannan baƙon kamar shi ya haife shi. Ya sunkuyar da kai cikin ladabi.

"Yaya, ai mu ma muna da namu yaren. Ka ɗan jiyar da shi."

Alhaji Iliyasu ya buɗe baki. Ya yi gyaran murya. Ya dubi rufin zaure, sai ka ce a can aka rataye Barbarcin. Gaisuwa kaɗai ta zo masa, ita ma da ɗingishi.

Can sai ya miƙa hannu ya zaro cokalin daga miya. Ya suɗe shi tas, ya goge da bakin babbar rigarsa, ya daɗe yana shafa sarƙar da babban yatsa.

"Abdulkabir," ya ce, bai ɗago ba, "ka ce masa ya turo magabatansa."