Hoton Azahar

Ƙarfe ɗaya da rabi, daidai lokacin da ma'aikatan wani ɗakin gwajin jini a Gyaɗi-Gyaɗi ke tashi salla, na'urar Isyaku, mai kula da kwamfutocin wurin, kan ɗauki hoton duk bayanan safiya. Daga hoton ake adana kwafi, daga shi kuma ake buga sakamako da yamma, don kada a jibga wa babbar kwamfuta aiki ta riƙa rarrafe mutane na jira. Dabararsa ce, ya kuwa ishi kowa da labarinta. A lissafinsa, babu mai taɓa komai da azahar.

Lissafin bai haɗa da Safiya mai gwaji ba. Ran Talata tana fashin salla, sai ta zauna ta sake duba jinin wata amarya, Nafisa. Ta ga ashe AS ce, ba AA ba, ta gyara da ƙarfe biyu saura kwata. Hoto kuwa tuni ya ɗauku. Takardar da aka miƙa wa dangi da la'asar tsohon sakamako ta ɗauko.

Sai safiyar Asabar Isyaku ya lura, yana gwada kwafi da asali. Ya nemo na angon, ya ga AS. Ko shi da ba likita ba ya san sikila na iya kama 'ya'yan irin wannan aure. Safiya ta faɗa masa cikin kuka cewa yau za a ɗaura a Darmanawa. Lambar wayar dangin da ke fayil a kashe take.

Ya buga sabuwar takarda, ya tare adaidaita sahu. Ya isa ƙofar masallaci ana shafa fatiha.

Wani dattijo da ake kira Malam Lawan, mahaifin amarya, ya tambaye shi daga ina. Da ya ji daga ɗakin gwaji ne, sai ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Allah ya yi muku albarka, ɗana. Jikoki biyu na binne, 'ya'yan yayar Nafisa, saboda ciwon sikilar nan. Wannan karon da na ga takardarku, har barci na yi."

Isyaku ya tsani kansa. Ya dubi angon da abokai suka kewaye ana dariya, ya dubi tsohon da har yanzu bai sake shi ba.

"Baba," ya ce a hankali, "ko za mu ɗan koma gefe?"