Fim ɗin Kawu Auwalu

Mubina ta daɗe tana haɗa fim ɗin nan. Tsofaffin kaset-kaset na bidiyo ne aka aiko mata daga Kano, duk na Kawu Auwalu, yayan mahaifiyarta, wanda ya yi zaman daudu yana sayar da abinci a bakin tasha har ya rasu. A ciki ga shi da ɗaurin ƙirji, yana tuƙa tuwo, yana tsokanar direbobi, abokan zamansa na kiransa Hajiya. A gidan su Mubina na Beltsville a Amurka kuwa ko sunansa ba a kamawa.

Da aka zaɓi fim ɗin a wani bikin finafinan masu neman jinsi ɗaya a Washington, sai ta tarar da mahaifiyarta a kicin.

"Umma, ranar Asabar za a nuna. Ki zo ki ga ɗan'uwanki."

Hajiya Saudatu ta ci gaba da yanka albasa. "Shi ya goya ni, shi ya koya mini girki. Ba sai na shiga sinima zan san shi ba. Mun rufa masa asiri yana raye, ke kuma kin bi shi kabari kin yaye."

Ranar Asabar zauren ya cika, amma ban da Mubina ko Bahaushe ɗaya babu. Duk inda Kawu ya yi habaici, Mubina kaɗai ke dariya, don fassarar da ke ƙasan allo ta kashe maganar. Da aka gama, Sophia mai shirya bikin ta tashi ta kira shi gwarzon da ya bijire wa addininsa.

"Bai bijire ba," in ji Mubina. "Sallah ba ta wuce shi, har Makka ya je."

Aka yi mata murmushi. A bakin ƙofa Sophia ta ja ta gefe, ta ce fim ɗin zai fi tafiya idan ta rage wurin da aka nuna yana sallah, ta nemo inda aka taɓa dukansa.

Kafin ta isa gida, guntun fim ɗin ya zagaye wayoyin matan da ke karatun islamiyya da Umma. Ta same ta a falo, waya kife a cinya.

"An tafa miki?"

"An tafa, Umma."

"To madalla. Matsar da motarki, kin tare wa babanki hanya."