Gwiwar Malam Shu'aibu

Shekara biyu bayan an mai da Gusau babban birnin jiha, Alhaji Mu'azu mai hatsi ya sayo Marsandi 'yar Beljiyam, irin wadda ba ta da kuloci, ita ke sa wa kanta giya. Wata huɗu tana lafiya, sai ta ɓullo da wani hali. A murɗa makulli, fitilu su kama, inji ya yi gum. Majiya ƙarfi shida suka taɓa tura ta har bakin kasuwa, ko tari ba ta yi ba. Amma da zarar Malam Shu'aibu ya zauna a kujerar gaba, murɗawa ɗaya sai ta tashi.

Malam Shu'aibu taubashin Alhaji ne, dogo ƙwarai, ƙafafunsa sun fi ƙarfin kowace mota. Tun da ya bar aikin masinja ba ya komai sai zaman ƙofar gida. Yanzu kuwa kullum da safe Alhaji da kansa ke sallama da shi. Ya je Tsafe, ya je Bungudu, ya ci tsire a garuruwan da bai taɓa takawa ba. Har hula ya sake. In an tambaye shi sirrin, sai ya dubi sama ya ce, "Ƙarfe ma ya san mutanen kirki."

Ranar da ciwon ciki ya kwantar da Malam Shu'aibu, Alhaji ya rasa cinikin gero a Kucheri. Washegari ya ce sai gareji.

Malam Shu'aibu ya shiga gaba. Ya san in aka gyara motar nan, shi da kujerar sai kallo. A hanya ya ce, "Alhaji, abin da Allah ya yi ba a kai ma makanike."

"Ai kai zan kai a duba, ba motar ba," in ji Alhaji.

Istifanus mai gyaran wayar mota ya saurari labarin bai yi dariya ba. Ya auna batir, ya zare fis ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa ga rana. Duk lafiya. Ya ce Malam ya fita, aka murɗa, shiru. Ya ce ya shiga, ta tashi. Ya ɗora buhun masara a kujerar ko nauyi ne, ta ƙi.

"Ka gani?" in ji Malam Shu'aibu. "Buhu na da alwala?"

"Baba, ƙara shiga. Sannu a hankali."

Istifanus ya tsuguna yana kallo. Malam ya naɗe ƙafar dama, ta hagu ta rasa wuri, gwiwar ta je ta jingina da sandar giya, ta ɗan tura ta gaba. Istifanus ya ce ya fito. Ya sa yatsa ɗaya ya tura sandar, ya ce Alhaji ya murɗa. Motar ta tashi.

Ya shige ƙarƙashi da kwan gwaji, ya jima, ya fito da wani ɗan abu kamar gwangwanin tumatir. Ya ce wannan ne ke shaida wa mota cewa giya na wurin tsayawa, in bai shaida ba wuta ba ta isa kik ɗin da ke tayar da inji. Kusoshinsa sun kwance, ya goce, bakin wayar ya yi tsatsa. Ya goge, ya daidaita, ya ɗaure tam. Aka tayar sau biyar, Malam na tsaye a rana.

"Wani abu kuma, Alhaji," in ji Istifanus. "Gwiwar nan ita ta kwance shi tun farko. In Baba zai shiga, ya zauna baya."

Alhaji ya yi dariya har da riƙe ƙofa. "Ashe kai ne ciwon, kai ne maganin! To, mai albarka, yau dai in kai ka Tsafe ta bankwana. Koma baya."

Malam Shu'aibu ya shiga baya. Sai ya ji wurin da faɗi. Ya miƙe ƙafafu, ya gyara hula, ya jingina.

A Kwatarkwashi suka tsaya shan mai. Mai zuba man ya wuce Alhaji, ya zagayo tagar baya, ya rusuna. "Ranka ya daɗe, a cika?"

"A cika," in ji Malam Shu'aibu, ko kallonsa bai yi ba.

A Tsafe dillalin hatsi ya rugo ya buɗe masa ƙofa, sannan ya leƙa gaba ya ce, "Direba, ɗan matsa da ita inuwa." Sai da ya ga fuskar Alhaji ya kama baki.

Da za su koma, Alhaji ya buɗe ƙofar gaba da kansa. "Dawo nan."

"Istifanus ya hana."

"Ni ad da mota ko Istifanus?"

"Ni dai nan ta yi mini. Ja mu tai, yamma na yi."

Sai da Alhaji ya yi alkawarin kullum zai biyo masa, aka ja kujerar gaba baya iyakarta, aka cusa matashi tsakanin gwiwar da sandar giya, sannan Malam Shu'aibu ya yarda ya sauko zuwa gaba.